Bakin Aska: Kimiyyar Da Ke Kan Teburin Mai Kayan Aski

Duk wanda ya shiga kasuwar Karaye ko ta Rogo ranar da take ci, musamman idan Sallah ta gabato, ba zai rasa ganin teburin mai kayan aski ba. Ga reza cikin 'yan kwalaye, ga almakashi da mataji da ƙaramin madubi, ga sabulu da man shafawa da hodar cire gashi da kwalaben turare, a gefe kuma an rataye kilifa, wata ta lantarki, wata mai batirin caji. Can a inuwa wanzami na zaune bisa tabarma, zabirarsa a buɗe, yana wasa aska. Gaba kaɗan ƙarar janareta ce ke fitowa daga shagon aski, inda samari ke jiran layi.

Wannan ciniki ba ƙarami ba ne. A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Karaye tana da mutane fiye da 140,000, Rogo kuwa, wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, tana da fiye da 220,000. Kusan kowane namiji a cikinsu, daga jaririn da aka yi wa askin suna har dattijo mai furfura, yana miƙa kansa ga ƙarfe mai kaifi. Wanda ke aski duk mako biyu, sau 26 ke nan a shekara.

Yawancin masu saye kan duba abu biyu ne kawai, watau kuɗin kaya da ƙyallinsu. Amma abin da ke raba aski mai daɗi da mai cutarwa yana can a bakin ƙarfen, wurin da ido ba ya iya gani. A nan ne ilimin kimiyya ke da abin faɗa.

Wanzami da zabirarsa

Tun kafin reza ta zo ƙasar Hausa, aski aikin wanzami ne, kuma sana'a ce ta gado wadda har sarauta gare ta, watau Sarkin Aska. Aikinsa bai tsaya ga aski da gyaran fuska ba. Shi ke yin ƙaho da kaciya da tsagar gado da cire beli, shi ke aske kan jariri ranar suna. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya ƙunshi tarihin wata dattijuwa da ta tashi a yankin Zarewa, cikin ƙasar Rogo ta yau, kuma a cikinsa an ga matsayin da wanzami ke da shi a hidimar haihuwa da suna.

Askar wanzami aikin maƙeri ce, kuma a ƙirarta akwai kimiyya. Baƙin ƙarfe zalla yana da taushi, ba ya riƙe kaifi. Wanda ke da ɗan sinadarin kabon a cikinsa, abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba ko kusa da haka, shi ne ke yin tauri idan aka gasa shi ya yi ja sa'an nan aka tsoma shi cikin ruwa ko mai. Maƙeran gargajiya sun san wannan ta hanyar gwaji da gado, ko da ba su kira shi da sunan da ke cikin littattafan makaranta ba.

Mene ne gashi?

Gashi yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata. A gindin ramin akwai ƙwayoyin halitta masu rai da ke rarrabuwa suna yawaita, jini na ciyar da su. Sababbi na tura tsofaffi sama, tsofaffin na cika da wani furotin mai tauri da ake kira keratin, sa'an nan su mutu. Saboda haka gashin da ake gani a waje matacce ne, ba jini ba jijiya, shi ya sa yanke shi ba ya zafi amma tuge shi na da zafi. Da keratin ɗin aka yi farce da kofato da ƙahon saniya. Yana ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda ke ɗaure zaruruwansa da juna, kuma shi ne ke ba da warin nan da ake ji idan ana babbakar kan rago.

A kan mutum akwai gashi kimanin 100,000. Kowanne na ƙaruwa da kusan santimita 1 a wata, ya yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, ya huta, ya faɗi, wani ya maye gurbinsa. Zubar gashi 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Gemu da saje da gashin baki kuwa suna bayyana ne lokacin balaga, sakamakon sinadarin maza da ake kira testosteron. Wani abin mamaki shi ne, dangin wannan sinadari da ke tsirar da gemu shi ne kuma ke kawo sanƙo ga wanda ya gaje shi.

Samari da yawa kan kankare haɓarsu da reza wai don gemu ya yi saurin fitowa. Tun 1928 wata masaniyar ƙirar jiki a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada wannan magana, ta tarar aski ba ya ƙara wa gashi sauri ko kauri ko baƙi. Reza ba ta kai wa gindin ramin, inda ake ƙera gashin. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, gashin da bai taɓa ganin aska ba siriri ne a ƙarshensa, wanda aka yanke kuwa bakinsa a datse yake, sai a ji shi da kaushi.

Yadda ƙarfe ke yanka gashi

Sirrin kaifi yana cikin darasin fiziks na matsi: idan aka tara ƙarfi a kan ɗan ƙaramin wuri, matsin na ƙaruwa. Bakin sabuwar reza ya fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, don haka ɗan ƙarfin hannu kaɗan ya isa ya tsinka gashin. Da zarar bakin ya dakushe sai faɗinsa ya ƙaru, matsi ya ragu, mai aski ya dinga dannawa, reza ta koma jan gashi da kankare fata. Wannan ne dalilin da ya sa tsohuwar reza ta fi sabuwa ji wa mutum ciwo.

Ruwa ma yana da nasa aikin. Busasshen gashin gemu yana da tauri ƙwarai, amma keratin na shan ruwa ya kumbura ya yi laushi. Jiƙa gemu na minti 2 zuwa 3 yana rage ƙarfin da ake bukata wajen yanke shi da fiye da rabi, ruwan ɗumi kuma ya fi saurin shiga. Sabulu na wanke maiƙon da ke hana ruwa ratsa gashi, kumfarsa na riƙe damshi tana sa ƙarfe ya yi santsi bisa fata. Ashe wanzamin da ke ɓata lokaci yana murza ruwa a kan mutum kafin ya ɗora aska ya san abin da yake yi.

To, me ya sa reza ke dakushewa, alhali ƙarfe ya fi gashi tauri wajen sau 50? A 2020 masu bincike a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, watau MIT, a Amurka, sun sa reza cikin na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki suna kallo tana yanka gashi. Sun tarar bakin ba goguwa yake yi a hankali kawai ba, ɓantarewa yake yi. Ƙarfen reza ba bai ɗaya yake ba, akwai wurare masu tauri da masu ɗan taushi a cakuɗe. Idan gashi ya lanƙwasa ya haɗu da bakin a karkace, daidai inda ke da rauni, sai ɗan tsagu ya buɗe, ɗan ɓarɓashi ya fita. Bayan aski kaɗan bakin ya koma kamar zarto.

Sai kuma tsatsa, wadda ke samuwa idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. A 1913 Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila ya samar da ƙarfe marar tsatsa, wanda ake zuba wa sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100. Kuromiyam na yin wani ɗan lulluɓi a bayan ƙarfen da ke kare shi. Duk da haka, reza ko kilifar da aka ajiye a jiƙe ba ta daɗewa.

Daga aska zuwa reza da kilifa

Turawa ma da aska suke aski har ƙarshen ƙarni na 19, irin mai naɗewa wadda ake wasawa a jikin fata. Wani ɗan tallan kaya a Amurka, King Camp Gillette, shi ya yi tunanin ƙera ɗan siririn ƙarfe mai araha wanda za a yar idan ya dakushe maimakon a wasa. Ya kafa kamfaninsa a Boston a 1901. A 1903, shekarar da aka fara sayarwa, marikin reza 51 da reza 168 kacal aka saya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya yaɗa ta, domin a 1918 an raba wa sojojin Amurka miliyoyinta, suka koma gida da al'adar aske fuska da kansu. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza marar tsatsa mai lulluɓin santsi, a 1975 kuma kamfanin Bic na Faransa ya kawo mai marikin roba wadda ake yarwa gaba ɗaya.

Kilifa kuwa ba yankan aska take yi ba, yankan almakashi take yi. Tana da baki biyu masu haƙora kamar mataji, ɗaya a kafe, ɗaya na kai-komo a kansa sau dubbai a minti, gashin da ya shiga tsakani ya datse. Leo Wahl, shi ma Ba'amurke, ya ƙera mai aiki da maganaɗisun lantarki a 1919. A garuruwa irin su Karaye da Rogo, inda wuta ba ta tsayawa, shagunan aski sun daɗe suna dogara da janareta, yanzu kuwa kilifa mai caji da farantin sola sun sauƙaƙa aikin.

Ƙurajen aski

Matasa da yawa na fama da ƙuraje a haɓa da wuya bayan aski. Dalilin yana cikin siffar gashin baƙar fata. Ramin da yake fitowa a lanƙwashe yake, gashin kansa kuma a murɗe yake tsirowa. Idan aka aske shi ƙwal, bakinsa na zama da tsini kamar ƙaya. Yana ƙara tsawo sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya huda bangon ramin tun bai fito ba. Jiki na ɗaukarsa baƙon abu, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya yi mugunya ya bar baƙin tabo. Reza mai baki uku ko biyar takan ƙara matsalar, domin bakin farko na jawo gashin, na baya ya yanke shi, ya koma ƙasa da fata.

Maganin farko shi ne a daina askewa ƙwal. A bar gashin mako 3 zuwa 4 ya fito, sa'an nan a riƙa saisaye da kilifa ana barin kamar milimita 1. Mai son reza ya jiƙa gashin sosai, ya bi inda gashin ya kwanta, kada ya ja fatar. Akwai kuma ƙurajen ƙeya masu tauri, waɗanda kan haɗe su zama tudu, gashi ya daina fitowa a wurin. Su na bukatar likita tun da wuri. Shafa musu man birki ko ruwan batir, kamar yadda wasu ke yi, ƙona fata kawai yake yi ya ƙara tabo.

Baƙin da ido ba ya gani

Fata ganuwa ce da ke tsare jiki daga ƙwayoyin cuta. Kowane aski, ko da ba a ga jini ba, yana iya barin 'yan ƙananan tsaguwa a jikinta. Idan ƙarfen ya taɓa jinin wani kafin ya zo, ƙofa ta buɗe.

Mutane sun fi jin tsoron ƙanjamau, amma ƙwayarta ba ta daɗewa a wajen jiki, kuma kamuwa da ita ta hanyar aski abu ne mai wuya ƙwarai. Wadda ta fi cancantar a kula da ita ita ce ƙwayar bairos mai kawo ciwon hanta nau'in B. Ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum sau 50 zuwa 100, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki, ko da jinin ya bushe. A 2018 aka wallafa wani bincike da aka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda aka gwada kilifa 50 daga shagunan aski. An sami alamar jini a kashi 42 cikin 100, an sami alamar wannan ƙwaya a kashi 8 cikin 100, ba a sami ta ƙanjamau ko a ɗaya ba.

A Nijeriya, babban binciken ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ƙwayar, kuma ta fi yawa a maza, kusan mutum 1 cikin 10. Ma'ana, shagon da ya yi wa mutum 30 aski a jajibirin Sallah, da wuya a rasa mai ita a cikinsu. Mafi yawansu ba su sani ba, domin takan yi shekaru tana cin hanta a ɓoye, ba zazzaɓi ba shawara, sai daga baya hanta ta ƙanƙance ko sankara ta kama ta. A duniya baki ɗaya, a 2022, mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, ta kuma kashe kimanin miliyan 1.1 a wannan shekarar.

Shekarun mutum lokacin kamuwa su ne ke yanke hukunci. Babban mutum idan ya kamu, galibi jikinsa na korar ƙwayar, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne take zaunar wa. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 takan zauna musu har ƙarshen rayuwa. Shi ya sa mafi yawan masu ɗauke da ita a Afirka tun suna ƙanana suka samu, daga uwa wajen haihuwa ko ta cuɗanya da jinin wani. Wannan ya nuna askar da ta fi bukatar tsafta ita ce wadda ake ɗora wa jariri ranar suna, da ta kaciya, da ta tsaga.

Abin farin ciki, akwai rigakafi. Baruch Blumberg ne ya gano alamar ƙwayar a jinin mutane, ya bayyana ta a 1965, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar yaƙi da ciwon hanta ta duniya. Nijeriya ta sa allurar cikin rigakafin yara a 2004, ana so a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Duk wanda aka haifa kafin wannan shekara, ko wanda ba a kai shi rigakafi ba, zai iya zuwa asibiti a gwada jininsa, idan ba ya da ita a yi masa allura uku cikin wata shida. Nau'in C, wanda shi ma ta jini yake bi, ba shi da allurar rigakafi, amma yanzu akwai maganin da ke warkar da shi.

Ban da waɗannan, kilifa da mataji da tawul na yaɗa makero, wanda ƙwayar fangas, dangin funfuna, ke kawowa, musamman tsakanin yara da ɗaliban makarantun kwana. Makero na kai sai da maganin sha, na shafawa kaɗai ba ya kai wa gindin gashi. Akwai kuma sarƙe-haƙora, wadda ƙwayarta ke zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ba tsatsa ce ke kawo ta ba, dattin da ke maƙale a ƙarfen ne.

Tsabtace kayan aski

Reza ba a tsabtace ta, sauya ta ake yi: mutum ɗaya, reza ɗaya, a ɓare ta a gabansa. Haka hukumomin Saudiyya ke wajabta wa masu yi wa alhazai aski a Mina. Yanzu akwai aska mai mariƙi wadda ake sa wa rabin reza a cire bayan kowane aski, ta haɗa ƙwarewar wanzami da tsaftar zamani.

Ga aska da almakashi da bakin kilifa, mataki na farko shi ne a goge gashi da maiƙo da buroshi a wanke, domin datti na kare ƙwayoyin cuta daga magani. Sa'an nan a bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ko a tafasa ƙarfen minti 20. Ko a jiƙa shi minti 10 a ruwan bilic, awo ɗaya na bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin 100 da awo shida na ruwa, a ɗauraye a busar nan da nan don bilic na cin ƙarfe. Ko kuma a jiƙa shi minti 10 a sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100. Ɗan ruwan da ke cikin irin wannan sifirit na taimaka masa ya ratsa ƙwayar cuta, yana kuma hana shi saurin bushewa. A kowace hanya lokaci ne jigo. Fesa sifirit a goge cikin daƙiƙa biyu bai wadatar ba.

Kananzir da fetur na wanke maiƙo, amma ba maganin ƙwayoyin cuta ba ne. Gilma wutar leta a bakin kilifa ba ya ratsa tsakanin haƙoranta, yana kuma iya lalata taurin ƙarfen. Akwatin nan mai shuɗin haske kuwa, haskensa na aiki ne kawai inda ya faɗa, bai kai lungu ba. Shagon da ke da kilifa biyu ko uku, ɗaya na aiki ɗaya na cikin magani, ya fi kiyaye lafiyar jama'a.

Hoda da rini da alam

Hodar cire gashi ba yanka take yi ba, narkarwa take yi. Sinadaran cikinta na kwance ɗaurin farar wutar nan da ke riƙe keratin, sai gashi ya yi laushi a kankare shi. Tun da bakin gashin ba ya yin tsini, takan taimaki mai ƙurajen aski. Amma fata ma keratin gare ta, don haka wanda ya wuce mintocin da aka rubuta a gwangwani, ko ya shafa a kan rauni, zai ƙone.

Lallen da dattawa ke sa wa gemu yana da wani sinadari da ke kama keratin ya ba shi launin ja, kuma da wuya ya cutar. Baƙin rini na kanti kuwa galibi yana ɗauke da sinadarin da ake taƙaita sunansa da PPD, wanda kan sa wasu kumburin fuska da ƙuraje masu ruwa. A gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, a jira awa 48. Alam, irin wanda ake tace ruwa da shi, yana tsuke fata ya tsayar da jinin ƙaramin yanka, amma dunƙule ɗaya da ake goga wa kowa ya zama abin yaɗa cuta. A ɓantari na mutum ɗaya a yar.

Kafin a biya kuɗi

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai sayen reza ya duba takardarta a liƙe take, ba alamar damshi ko tsatsa. Mai sayen sabulu ko mai ko hoda ko rini ya nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna da kayan shafe-shafe, ya kuma duba ranar da kayan za su lalace. A guji man da ake cewa yana maganin kowane ƙurji, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci amma yana sirantar da fata yana ƙara wa makero ƙarfi.

Mai sayen kilifa ya karanta abin da aka rubuta a jikinta. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, saboda haka kilifar gwanjo da aka ƙera don can za ta ƙone idan aka jona ta kai tsaye. Ya zaɓi wadda ake iya kwance bakinta a wanke, ya kuma lura haƙoran da ke motsi kada su zarce na kafe, in ba haka ba za ta riƙa yankan fata. Magidancin da ya sayi kilifar kansa ya riƙa zuwa da ita shago ya rage haɗari sosai, muddin ba ta zama ta aron unguwa ba.

Tsohuwar reza kuma kada a yar da ita a juji ko a soke ta a katanga. A tara ta cikin gwangwani mai murfi. Ɗalibai kan tsinci irinta su fere fensir ko su yanke farce, su miƙa wa na kusa. Dokar aski ita ce dokar yankan farce, har da na masu yawo da almakashi a kasuwa da tasha.

Aiki a aji

Malami na iya kawo wannan darasi cikin aji da kayan da ba su da tsada. Ɗalibi ya riƙe fensir tsakanin yatsu biyu, ɗaya a tsini ɗaya a gindi, ya matsa a hankali: ƙarfi ɗaya ne, amma zafin ya bambanta, wannan shi ne matsi. A sa ƙusa ɗaya a busasshen kofi, ɗaya a ruwa, ɗaya a ruwan gishiri, ɗaya a shafe da mai, a rubuta abin da aka gani kullum har mako guda. Wanda ya yi aski ƙwal kwabo ya auna gashinsa da rula bayan kwana 30, a raba a ga tsawon da yake ƙarawa a yini. Ƙungiyar kimiyya ta makaranta kuma na iya ziyartar wanzamai da masu shagunan aski na garinsu cikin ladabi, su tambayi yadda suke tsabtace kayansu, su kai musu abin da suka koya.

Wanzami da mai shago ba abokan gāba ba ne a wannan lamari. Su ne ma suka fi kowa shiga haɗari, tun da hannunsu ke taɓa jinin mutane kullum, don haka su suka fi bukatar gwaji da allurar rigakafi. Mai zuwa aski kuma kada kunya ta hana shi neman sabuwar reza ko tambayar yadda aka wanke kilifa. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sabuwar reza da minti goma na jira sun fi jinyar hanta sauƙi nesa ba kusa ba.